Jijiyoyin da Ba Sa Ɗaga Kaya: Yadda Aka Gano Aikin Silin Gamma a Ƙafar Kyanwa

A shekarar 1930, a jami'ar Oxford ta Ingila, Charles Sherrington da wani matashin almajirinsa ɗan Ostireliya, John Eccles, suka duƙufa ƙirga silin jijiyoyin da ke fitowa daga lakar kyanwa zuwa tsokokin ƙafarta ta baya. Aiki ne mai cin rai. Sai an fara kawar da silin da ke kai labari daga tsoka zuwa laka, a bar masu kawo umarni kaɗai, sannan a yanka jijiyar a gicciye, a rina, a sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, a bi kowane sili a auna kaurinsa. Da suka jera alƙaluman sai suka ga sun rabu gida biyu: masu kauri, su ne mafiya yawa, da sirara, waɗanda suka tasam ma kashi ɗaya cikin uku. Suka ɗauka siraran ma jan tsoka suke yi, sai dai ƙananan sassanta suke ja. A haka maganar ta zauna shekara 15.

Alhali siraran nan ba sa ɗaga komai. Ko yini za a yi ana ɗosana musu lantarki, ma'aunin ƙarfin da aka ɗaura wa tsokar ba zai nuna wani abin kirki ba. To me ya sa jiki zai ware sulusin hanyoyin umarninsa ga abin da ba ya motsa gaɓa? Amsar da aka samu tsakanin 1945 da 1951 ita ce, ma'aunin da tsoka ke auna tsawonta da shi ma yana da mai saita shi, kuma siraran nan, waɗanda ake kira gamma, su ne hannun mai saitin. A ganina, cikin duk abin da aka gano game da motsin dabbobi, kaɗan ne suka kai wannan sauya tunani: jiki ba ya zama yana jiran labari ya iso masa, shi yake gyara kunnen da zai ji labarin da shi.

Ma'aunin da ke kwance cikin nama

Kowace jijiya da ke fita daga laka saiwa biyu gare ta. Ta gaba ita ke fitar da umarni zuwa tsoka, ta baya kuma ita ke shigo da labarin abin da ke faruwa a jiki. Wannan rabuwar ce ta sa binciken ya yiwu, domin mai bincike na iya taɓa masu fita a gefe guda, ya saurari masu shiga a ɗaya gefen.

Idan aka tsaga tsoka a tsaye aka duba da madubi, a tsakankanin zaruruwan nama ana cin karo da wani ɗan ƙunshi mai tsawon 'yan milimitoci, mai ciki a tsakiya, mai tsini a kai biyu, shi ya sa ake ce masa mazarin tsoka. Cikin kubensa akwai wasu 'yan zaruruwan tsoka na musamman, yawanci ba su wuce goma sha wani abu ba, kuma wani silin jijiya ya nannaɗe tsakiyarsu. In tsoka ta miƙe, mazarin ya miƙe tare da ita, naɗin ya ɗame, sai jijiyar ta shiga aika bugun lantarki zuwa laka. Iya miƙewa, iya yawan bugu. Sherrington ne ya tabbatar a 1894 cewa jijiyar mazarin ta saiwar baya take bi, wato mai kai labari ce, kuma Angelo Ruffini na Italiya ya zana siffar naɗin dalla-dalla a 1898. Duk wanda likita ya taɓa buga wa 'yar gudumar roba a ƙasan ƙoƙon gwiwa ƙafarsa ta zabura, ya ga aikin mazarin: bugun ya ɗan ja tsokar cinya, mazarai suka kai ƙara laka, laka ta maido da umarnin a ja, tun kafin labari ya kai ƙwaƙwalwa.

Matsalar ta fito fili ne a 1933, a Cambridge. Bryan Matthews ya ware silin labari guda ɗaya daga tsokar kyanwa yana sauraron bugunsa, sai ya ga iri biyu. Wani yana ƙara bugu idan tsoka ta ɗame, wannan shi ne ma'aunin da ke cikin agara, mai auna ƙarfin ja. Ɗayan kuwa, na mazari, yana bugu idan an miƙar da tsoka, amma da zarar tsokar ta tsuke da kanta sai ya yi tsit. Dalili a bayyane yake: mazarin kwance yake kafaɗa da kafaɗa da zaruruwan tsoka, in suka gajarce sai ya saki. Kamar mai jan raƙumi ne cikin duhu. Muddin akala na ɗame a hannunsa ya san inda dabbarsa take, in kuwa raƙumin ya matso akalar ta yi sako-sako, to ba ya jin komai sai ya tattaro ta. Ma'aunin da zai kurumce a daidai lokacin da tsoka ke aiki, wato lokacin da aka fi buƙatarsa, ai da sauran gyara. Wani abu ne ke tattaro akalar.

Daga Stockholm zuwa Baltimore

Wanda ya fara kama bakin zaren shi ne Lars Leksell, wani likita ɗan Suwidin da ke aiki a ɗakin binciken Ragnar Granit a Stockholm, wanda daga baya ya shahara a tiyatar ƙwaƙwalwa. Dabarar da ya yi a 1945 mai sauƙi ce a faɗe. Idan aka matse jijiya a hankali, silin masu kauri ne ke fara daina wucewa da saƙo, siraran su saura. Sai ya matse, ya jira masu kauri suka yi shiru, ya kunna wa siraran lantarki. Tsoka ba ta ja ba, amma bugun labarin da ke dawowa daga cikinta ya ƙaru. Siraran su ne ake kira gamma, masu kaurin kuma alfa.

Leksell taron jijiyoyi yake saurare gaba ɗaya, kamar hayaniyar jama'a. Wanda ya ware murya ɗaya shi ne Stephen Kuffler, haifaffen Hangare da ya tashi a Ostiriya, ya bar ta a 1938, ya yi aiki da Eccles da Bernard Katz a Sydney kafin ya koma jami'ar Johns Hopkins a Baltimore ta Amurka. Shi da Carlton Hunt da J. P. Quilliam suka buga sakamakonsu a 1951, kuma ya kamata a tsaya a ga yadda irin wannan aikin yake, domin a nan hujjar take.

Kyanwa tana kwance cikin maganin barci. An buɗe gadon bayanta an tone ƙashi har laka ta bayyana, an ɗaga fatar gefe da gefe an yi ɗan tafki, an cika shi da man farafin mai ɗumi don kada jijiyoyi su bushe ko su yi sanyi. A ƙafa an yanke duk jijiyoyi sai na tsoka ɗaya tak, an kuma ɗaura agararta ga ma'aunin ƙarfi. Daga nan sai aikin tsaga: a ɗauki saiwar baya da bakin hantsaki mai tsini, a raba ta biyu, a sake raba rabin, a yi ta rabawa har zaren ya fi gashi sirantaka, a ɗora shi kan 'yar ƙugiyar waya, a saurara. Idan aka ja tsokar aka ji lasifika na ƙas-ƙas-ƙas a jere ba gauraye, to sili ɗaya ne ke magana. Haka za a yi wa saiwar gaba har a sami zaren da gamma ɗaya ne kaɗai a cikinsa ke zuwa wannan tsokar. Da saurinsa ake gane shi. Alfa mai kauri yana iya zarce mita 100 a sakan ɗaya, gamma kuwa, mai kaurin maikuromita 3 zuwa 8 (maikuromita dubu ne ke yin milimita ɗaya), tsakanin mita 15 da 55 yake gudu.

Yanzu ga sili ɗaya mai fita a hannun dama, ga ɗaya mai shiga a hagu. Aka kunna gamma: ma'aunin ƙarfi bai motsa ba, tsoka ba ta sauya tsawo ba, amma ƙas-ƙas ɗin lasifika ya ƙara sauri. Aka kunna alfa shi kaɗai: tsoka ta tsuke, mazarin ya yi shirun nan da Matthews ya gani. Aka kunna su tare: tsoka ta tsuke, mazarin bai yi shiru ba. Giɓin ya cike.

Yadda abin ke faruwa a cikin kuben shi ne, 'yan zaruruwan mazari kawunansu biyu ne ke iya tsukewa, tsakiyarsu inda jijiyar labari ta nannaɗe ba ta tsukewa sosai. Gamma kawunan yake sauka. In ya yi magana sai kawunan su ja, ɗaya nan ɗaya can, tsakiya ta ɗame, ko da tsokar gaba ɗaya gajarcewa take yi. Ƙarfin da suke ja da shi ya yi ƙanƙanta ainun, shi ya sa ba ya kai wa ga agara. Hunt da Kuffler sun kuma nuna cewa mazari guda gamma da dama ke iko da shi, gamma guda kuma mazarai da dama yake taɓawa.

Wa ke riƙe da gamma?

Cikin shekara biyu aka gane cewa ikon daga sama yake saukowa. A 1952 Granit da Birger Kaada ɗan Norwe suka ɗosana lantarki a wurare daban-daban na ƙwaƙwalwar kyanwa, suka ga wasu wuraren na ƙara bugun mazari a ƙafa, wasu na rage shi, alhali tsokar ba ta motsa ba. Har murɗa kunnen kyanwar kawai yana sa mazarin ƙafar baya ya ƙara bugu. Wannan ɗan gwajin na kunne yana burge ni ƙwarai: an taɓa dabba a kai, ba ta ɗaga ƙafa ba, amma can cikin naman sha-raɓarta ma'aunai sun riga sun miƙe tsaye suna jiran abin da zai biyo baya.

Haka kuma aka warware wani tsohon ƙulli. Tun 1898 Sherrington ya lura cewa idan aka raba ƙwaƙwalwar kyanwa da lakarta a wani mataki na gindin ƙwaƙwalwa, ƙafafunta huɗu sai su sandare, in kuma aka yanke saiwoyin baya sandarewar ta saki. Me ya haɗa yanke hanyar labari da sakin tsoka? Ashe gamma ne ke ta bugu ba linzami, mazarai na ta kai ƙarar miƙewar da ba a yi ba, laka na ta ba da umarnin a ja. A 1957 Peter Matthews, ɗan Bryan Matthews ɗin nan, da Geoffrey Rushworth suka shafa wa jijiyar tsoka maganin kashe zafi mai suna furoken, wanda siraran sili yake fara kamawa. Sandarewar ta narke tun alfa na da cikakken ƙarfinsa.

Peter Matthews ɗin ne kuma ya nuna a 1962, a Oxford, cewa gamma kansa iri biyu ne. Yana jan tsokar sha-raɓar kyanwa da inji, da saurin da ya ƙayyade, ya tsaya, yana kunna gamma ɗaya-ɗaya. Wani in an kunna shi, mazarin sai ya zama mai saurin zabura a lokacin da ake cikin ja, da an tsaya ya lafa. Wannan shi ne gamma na motsi. Wani kuma yana ɗaga yawan bugun gaba ɗaya, ko ana ja ko ba a ja, yana ma rage waccan zaburar. Shi ne gamma na tsaye, kuma shi ke hana mazari shiru yayin da tsoka ke gajarcewa. Wane sili ke sauka kan wane zare a cikin kuben, wannan ta jawo doguwar jayayya tsakanin Ian Boyd na Glasgow, wanda ke fito da mazari da ransa yana ɗaukar hoton motsinsa, da David Barker na Durham, gwanin rina nama da bin sawun jijiya. Sai cikin shekarun 1970 aka daidaita cewa zaruruwan iri uku ne: biyu masu tarin cibiyoyin ƙwayar halitta a tsakiya kamar jaka, ɗaya mai cibiyoyi a jere kamar sarƙa. Gamma na motsi jakar farko yake ja, na tsaye kuma jaka ta biyu da sarƙa.

Hasashen da ya yi kyau amma bai tsaya ba

Da aka ga gamma na iya sa tsoka ta ja ta bayan gida, sai wani tunani ya zo wa Patrick Merton a 1953. Ya ce wataƙila haka ƙwaƙwalwa ke tafiyar da motsi: ta gaya wa gamma tsawon da take so, mazari ya ga tsoka ba ta kai nan ba ya yi ƙara, laka ta sa alfa ya ja har a kai. Injiniyoyi sun san irin wannan tsari, kuma ya shiga littattafan karatu ya daɗe. Hasashe ne mai mutunci, domin ya faɗi abin da zai ƙaryata shi: in gaskiya ne, dole mazari ya fara bugu kafin tsoka ta fara aiki.

Kyanwa mai barci ba za ta amsa wannan ba, sai mai motsi da niyya. A Uppsala ta Suwidin, Karl-Erik Hagbarth da Åke Vallbo suka ƙirƙiro hanyar soka siririyar allurar tangistin cikin jijiyar hannun mutum yana farke, suka fara da hannayen kansu, har su kama sili ɗaya. A farkon shekarun 1970 Vallbo ya nuna cewa idan mutum ya lanƙwasa yatsa, tsoka ce ke fara aiki, bugun mazari ya biyo baya kaɗan. Ke nan alfa da gamma tare ake aikensu. Alfa ya ja kaya, gamma ya hana ma'auni saki. Hasashen Merton ya faɗi a wannan siffar tasa, amma shi ya haifar da gwajin.

Sai dai in tare kawai za a riƙa aikensu kullum, ina amfanin raba su? Kwaɗo bai raba ba. Katz ya nuna a 1949 cewa a tsokar kwaɗo, silin da ke jan nama shi ne ke yin reshe ya shiga mazari, umarni ɗaya na aiki biyu. Haka abin yake a ƙadangaru da macizai. Kyanwa ma tana da irin waɗannan masu reshen, ana kiransu beta, Yves Laporte da abokan aikinsa suka tabbatar da su a Toulouse ta Faransa a farkon shekarun 1960, amma ta ƙara da hanya ta daban. Jatan lande kuwa wata dabara ya bi. A bayan wutsiyarsa akwai ma'aunin miƙewa da J. S. Alexandrowicz ya bayyana a 1951 a Plymouth, kuma ban da silin da ke ɗame 'yar tsokar ma'aunin, akwai wani da ke sauka kai tsaye kan jijiyar labarin ya rufe mata baki. Kuffler da Carlos Eyzaguirre suka nuna aikinsa a 1955. Dabbobin da zuri'arsu ta yi nisa da juna haka, kowacce ta sami hanyar sa hannu a kan ma'auninta.

Amsar tambayar ta fito ne daga kyanwoyi masu yawo da ƙafarsu. Daga tsakiyar shekarun 1970 Arthur Prochazka da abokan aikinsa suka riƙa dasa wayoyi masu sirantakar gashi a saiwar bayan kyanwa, su bar ta ta warke, sannan su saurari mazari ɗaya tana harkarta. Suka kwatanta abin da suka ji da bugun da mazari ke yi a kan teburin gwaji idan an kunna gamma iri kaza da ƙarfi kaza. Abin da suka fitar a 1985 shi ne, tafiyar yau da kullum a fili da saiti ɗaya ake yin ta, gamma na motsi na ƙasa-ƙasa. Amma a ɗora kyanwa kan siririn katako ta bi, ko a ɗauke ta a hannu tana ɗari-ɗari, ko ta shiga abin da ba ta saba ba, sai mazarin ya zama mai jin ƙanƙanin ja. Wanda ya taɓa kallon mage tana bin kan katanga, tana ɗora ƙafa a hankali kafin ta sakar mata nauyi, to abin da ke gudana a cikin namanta ke nan. Rabuwar gamma da alfa ita ta ba ta damar ƙara jin ƙafarta ba tare da ta ƙara ƙarfin takunta ba.

Akwai abin da bai kamata a tsallake ba. Kyanwoyin Oxford da Stockholm da Baltimore ba su tashi daga teburin ba. An sa su barci mai nauyi, ko an cire sashen ƙwaƙwalwar da ke jin zafi, amma rai ne aka ɗauka, kuma ba kaɗan ba. Mu da muka tashi da hadisin matar da aka yi wa azaba saboda ta kulle kyanwa har ta mutu, ba za mu karanta wannan tarihi zuciyarmu ba ta motsa ba. Ina ganin ilimin da aka samu na gaske ne kuma ya amfani marasa lafiya, ina kuma ganin daidai ne da aka tsaurara dokoki daga baya, aka ɗora wa mai bincike nauyin ya rage yawan dabbobi, ya rage wahalarsu, ya nemi madadinsu in akwai, kamar yadda William Russell da Rex Burch suka tsara a 1959.

A asibiti, darasin ya zo da gargaɗi. Ganin sandarewar kyanwa ya sa likitoci suka daɗe suna ɗauka cewa taurin gaɓoɓin mai shanyewar ɓarin jiki ma gamma ne ya yi yawa. Da aka auna da allurar Uppsala a jikin marasa lafiya, ba a sami mazaransu na bugu fiye da na masu lafiya ba. Canjin ya fi yawa a yadda laka ke karɓar labarin, da kuma taurin da naman kansa ke yi in ya daɗe ba ya motsi. Duk da haka da'irar nan ta mazari da laka ita ake taɓawa a wata tiyata da ake yi wa wasu yara masu taurin ƙafafu sakamakon lahanin ƙwaƙwalwa tun haihuwa, inda ake yanke wani kaso na zaruruwan saiwar baya don a rage ƙarar da ke isa laka.

Yau aikin ya koma kan ɓeraye da ƙwayoyin gado. A 2015 ɗakin binciken Ardem Patapoutian a Kalifoniya ya nuna cewa wata ƙofa mai suna Piezo2 a fatar jijiyar labari ita ke buɗewa idan naɗin ya ɗame, ta mai da ja ya zama lantarki. Ɓeran da aka cire wa ita a waɗannan jijiyoyi ƙafafunsa kan karkace ko'ina. Tun 2009 kuma aka sami alamomin gado da ke bambanta ƙwayar gamma da ta alfa a cikin laka, abin da ya ba da damar a raunana gamma shi kaɗai a bar alfa da ƙarfinsa, ba tare da wuƙa ko matsi ba. Irin waɗannan ɓeraye suna tafiya a fili, ko da yake takunsu ya ɗan sauya. Amma a shimfiɗa musu tsani a kwance a ce su bi ta kan matakan, sai ƙafa ta yi ta kuskure wa mataki tana zurmawa.